Annoba da Rumbu: Tarihin Cututtuka a Ƙasar Gwandu da Argungu

Duk wanda ya tashi daga Birnin Kabi ya kama hanyar Argungu, kafin ya yi nisa zai tarad da garin Ambursa, yana zaune bisa tudu, fadamar Gulbin Kabi kuwa tana shimfiɗe a gefensa. A ƙarshen ƙarni na 19 nan ne sarakunan Gwandu suka riƙa zama, domin su tsare ƙasarsu daga Kabawan Argungu, gama a zamanin nan ba a daɗe ba a fita yaƙi tsakaninsu ba. Sai a 1906, bayan tashin Satiru, aka naɗa Sarkin Gwandu Haliru, hedkwatar ƙasa ta koma Birnin Kabi. Labarin waɗannan yaƙe-yaƙe sananne ne, maroƙa sun ajiye shi, malamai sun rubuta shi. Amma akwai waɗansu abokan gāba da ba su taɓa buga tambari ba, ba su kuwa kafa sansani inda za a gan su ba, ga shi mutanen da suka kashe da dukiyar da suka hallaka sun fi na kowane yaƙi da aka yi a kwarin nan. Su ne cututtuka masu yaɗuwa, na mutane da na dabbobi.

Arzikin wannan ƙasa bisa ƙafa uku ya ke tsaye: gero da dawa a tudu, shinkafa da kifi a fadama, shanu kuwa suna kai da kawowa tsakani. Da kaka Filani su kan sauka a gonaki, shanu su ci kara su bar taki, matansu su kawo nono da man shanu kasuwa su koma da hatsi. Da rani garke ya gangara fadama. Kowace ƙafa tana bukatar lafiyar ’yar’uwarta, dukansu kuma suna bukatar hannun mutum a kan kari, domin damina ba ta jiran majinyaci. Saboda haka cuta sau biyu ta kan ci mutanen kwarin nan: ta ci su a jiki bana, ta ci su a rumbu baɗi.

Shekarar Sannu

Cikin 1887 sojan Italiya suka sauke shanu a tashar Masawa, bakin Bahar Maliya, a cikinsu kuwa akwai masu ɗauke da ciwon bushiya. Daga nan ciwon ya ratsa Habasha, ya bi hanyoyin makiyaya ya nufo yamma, har ya iso ƙasashen Hausa wajen 1890 zuwa 1891. Saniya ta kan fara da zazzaɓi, idanu da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo ta kasa kiwo, sa’an nan zawo ya kama ta, kafin kwana goma ta faɗi. Inda ciwon ya shiga garken da bai taɓa saninsa ba, cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ko biyu su tsira. Wani Bafaranshe, Kyaftin Monteil, wanda ya biyo ta Argungu cikin 1891 kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, ya rubuta irin ɓarnar da ya ga ciwon ya yi wa Filanin ƙasar Dori, masu garke suka wayi gari ba su da ko ɗan maraƙi. Filani suka sa wa annobar nan suna Sannu, an ce don ba abin da mutum ke iya gaya wa ɗan’uwansa sai wannan kalma.

Bushiya ba ta kama mutum, amma ta cuci mutum. Nono ya ƙare, yara suka rasa abin sha. Gonakin da suka saba da taki suka rasa. Takarkarai masu ɗaukar hatsi da gishiri suka mutu, kaya ya koma bisa jaki da kan ɗan’adam. Makiyaya da yawa suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya, waɗansu ba su sake komawa daji ba. Kafin garke ya gama murmurewa, ciwon ya dawo a 1913 zuwa 1914, aka kira shi Gamagari, ya kuwa zo daidai da fari da babbar yunwar da mutanen Kano ke kira Kakalaba. Ya sake dawowa a 1919 zuwa 1920.

Marisuwa da Sanƙarau

Tsakanin waɗannan biyu sai ga wata annoba ta mutane. Cikin watan Satumba 1918, ana dab da gama Yaƙin Duniya na Farko, jirgin ruwa ya kawo muguwar mura Ikko. Ta hau jirgin ƙasa ta yi arewa, daga tashoshi ta bi fatake da masu tafiya ƙasa, kafin shekara ta ƙare ta game lardunan Arewa. Hausawa suka kira ta Marisuwa. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, a duniya duka kuwa miliyoyi masu yawa. Abu biyu suka ƙara mata muni. Na ɗaya, ba tsofaffi da jarirai kaɗai ta ɗauka ba, ta fi ƙarfi a kan samari da magidanta, watau majiya ƙarfin gona. Na biyu, ta iso Arewa da kaka, lokacin yankan dawa da shinkafa, sa’ad da kowane gida ke neman ƙarin hannu.

Shekara uku bayan wannan, cikin 1921, sanƙarau ya faɗa wa Lardin Sakkwato, wanda ƙasar Gwandu da ta Argungu ke cikinsa. Lissafin da likitocin Gwamnati suka yi ya nuna mutum fiye da 45,000 suka mutu a lardin cikin wannan annoba. Sanƙarau ciwon rani ne. Ya kan fara da hunturu, sa’ad da ƙura ta busar da hanci da maƙogwaro, mutane kuma suka cunkushe cikin ɗaki don sanyi, ya yi ƙarfi da bazara, da ruwan fari ya sauka sai ya ja da baya. Ƙwayarsa daga numfashin wani ta ke shiga wani, mutum kuwa ya kan ɗauke ta a maƙogwaro yana yawo lafiya lau, yana raba wa jama’a bai sani ba. A lokacin nan babu magani. Iyakar abin da hukuma ta iya shi ne a yi wa majinyata bukkoki a bayan gari, a hana taro, a ce mutane su kwana waje. Ba a gama makokin wannan ba, wajen 1924, sai zazzaɓin da ƙwarƙwata ke ɗauka ya shigo daga yamma ya yi tasa ɓarnar.

Aikin En’e

Waɗannan shekaru su suka koya wa hukuma cewa likita ɗaya a hedkwatar lardi ba shi iya tsare ƙasar da faɗinta ya kai tafiyar kwana da kwanaki. In ba ido a kowane ƙauye, kafin labari ya iso gari ya riga ya ƙone. Ido kuwa akwai shi tun dā: mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya rubuta wa Sarki. A kan wannan tsani aka ɗora aikin lafiya. Baitulmali ya riƙa ware kuɗi daga haraji da jangali, aka gina ɗakunan magani a garuruwan hakimai, aka ɗauki malaman asibiti, da masu lamba domin agana, da duba-gari masu lura da rijiya da mahauta da kasuwa, da malaman dabbobi.

Ta wajen shanu, an kafa ɗakin binciken ciwon dabbobi a Vom cikin 1924, aka fara yin ruwan rigakafin bushiya a can. Dabarar farko mai wuya ce. A kan tara shanu a sansani, a yi wa kowace allura biyu, ɗaya ta jinin mai ciwo, ɗaya ta ruwan jinin wadda ta warke, don ciwon ya kama ta da sauƙi ta tashi, gama saniyar da ta sha bushiya ta tsira ba ta sake kamuwa har ta mutu. Sai an tsare garke makonni, waɗansu shanun kuma su kan mutu a sansanin. Ba abin mamaki ba ne da Filani suka yi ɗari-ɗari, balle ga tsoron kada mai allura ya ƙirga shanu ya kai wa mai jangali. Malamin dabbobi da hakimi da arɗo su ne suka sha zaman lallashi a ruga, har makiyaya suka gani da idonsu garken da aka yi wa allura yana tsaye, na maƙwabci ya kwanta. Daga baya aka samo ƙwayar da aka raunana ta cikin jikin awaki, aikin ya yi sauƙi, masu gudu suka koma masu nema.

Ta wajen mutane, a ƙarshen shekarun 1930 aka samu ƙwayar M&B, wadda ta ci sanƙarau. Amfaninta kuwa a hannun malamin asibitin En’e ya fito, wanda zai hau keke ko doki ya kai ta ƙauye tun wuyan yaro bai gama sandarewa ba. Babban asibitin Birnin Kabi yana ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954, zamanin da waɗannan ayyuka suka kafu.

Sauron Ambursa

Akwai cutar da ba ta zuwa da hargowa kamar waɗancan, don kullum tana nan, har mutane suka ɗauke ta kamar haraji. Ita ce zazzaɓin cizon sauro. Fadamar da ke ba da shinkafa ita ke ba da sauro, kowane kududdufi da sawun saniya da ruwa ya kwanta a ciki ya ishe shi ƙyanƙyasa. Zazzaɓin ya fi tsanani daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, watau daidai lokacin da tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai shigo ba, ga noma da maimai suna jira. Yana kashe ƙananan yara, yana wahalad da masu ciki, yana kwantad da manomi kwana uku ko huɗu a makon da ciyawa ba ta yi masa afuwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka samu magungunan feshi masu daɗewa a bango, aka yi amfani da su a Italiya da waɗansu ƙasashe, zazzaɓi ya kau. Masana suka yi ta gardama ko haka za ta yiwu a ƙasashen baƙar fata, inda sauro ya fi yawa ya kuma fi naci. Aka ga ba abin da zai raba gardama sai gwaji. Wurin da aka zaɓa a Arewa shi ne yammacin Lardin Sakkwato, aka kafa hedkwatar aikin a Birnin Kabi. Aka fara cikin 1954, shekarar da Haruna ya zama Sarkin Gwandu, da hannun Gwamnati da Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Manyan likitocin aikin su ne Dakta Bruce-Chwatt da Dakta Archibald. Mutanen da ke cikin yankin gwajin sun haura 100,000. Aka raba yankin kashi uku, kowane kashi da irin maganinsa: ɗaya DDT, ɗaya BHC, ɗaya diyaldirin. Ambursa ta faɗo cikin rabon diyaldirin.

Hikimar aikin ita ce, macen sauro in ta sha jini cikin dare ta kan yi nauyi, ta sauka a bango ko jinka ta huta. In bangon yana da magani, sai ta mutu kafin ƙwayar zazzaɓi ta nuna a cikinta, gama ƙwayar na bukatar kwana goma ko fiye a jikin sauro kafin ta iya shiga wani mutum. Amma dabarar ba ta ci sai an fesa kowane ɗaki. Nan ne aikin ya koma hannun En’e. Sai an ƙirga gidaje an sa musu lamba, sai mai unguwa ya yi shela a fitar da kaya da abinci, sai an roƙi magidanci ya yarda baƙi su shiga har ɗakin matansa. Ba don girman Sarki da hakimai ba, da ba a buɗe ƙofofin nan ba. Bayan masu feshi kuma ga masu bincike, suna shimfiɗa farin ƙyalle a ɗaki da sassafe su kakkaɓo sauro su ƙirga, suna taɓa cikin yara su ji kumburin saifa, suna ɗiban ɗigon jini su duba a madubin likita.

Da farko abin ya yi kyau ƙwarai. Sauro ya ragu, har ƙuda da kuɗin cizo suka yi sauƙi, mutane suka yi barci. Amma wajen ƙarshen 1955, shekara ɗaya da rabi da fara feshi, masu ƙirga suka ga sauro ya cika ɗakunan Ambursa, yana zaune bisa bangon da aka fesa, ko gezau. Da a ce malaman nan sun ji tsoron kada a ce aikinsu ya ɓaci, sun rage lissafi, da an daɗe ana zuba kuɗi a rami. Suka rubuta abin da suka gani. Masana biyu, Elliott da Ramakrishna, suka gwada sauron, suka tabbatar diyaldirin ba ya kashe shi, suka buga labarin cikin 1956. Wannan ne karo na farko da aka samu babban sauron zazzaɓi na Afirka ya gagari maganin feshi.

Aka aika da ƙwan sauron Ambursa London, wurin wani masani George Davidson, ya yi kiwonsa a ɗakin bincike. Ya gano taurin nan gādo ne, uwa da uba ke ba ’ya’ya. Ba maganin ne ya koya wa sauro tauri ba. Tun fil azal cikin dubbai akwai ’yan kaɗan da aka halitta da shi, feshi ya kashe sauran ya bar musu fili, su kuwa suka hayayyafa. Da ya ke sauro daga ƙwai zuwa mai cizo bai fi kwana goma zuwa mako biyu ba, damina biyu ta isa jikokinsu su gaje gari. An kuma ga wanda ya gagari diyaldirin ya gagari BHC, amma DDT na kashe shi a lokacin, don haka aka juya aikin zuwa DDT.

Wani abin mamaki ya biyo baya. Da Davidson ya haɗa sauron Ambursa da na Ikko, ’ya’yansu maza suka fito ba su haihuwa, kamar alfadari. Bin sawun wannan ne ya kai masana, wajen 1962, ga sanin cewa abin da a ke ɗauka sauro iri ɗaya ne, ashe iri-iri ne masu kama ɗaya, halinsu kuwa dabam: wani ya fi son ɗaki da jinin mutum, wani ya kan ciji shanu ya kwana waje. Ta haka sunan Ambursa ya shiga littattafan masana sauro na duniya.

An faɗaɗa feshin ya game ƙasa mai yawa, zazzaɓi ya ragu, amma bai yanke ba. Sauron da ke hutawa waje ba ya taɓa bango, mutane su kan yi sabon yaɓe ko sabuwar jinka bayan an fesa, manoma su kan kwana bukkokin gona, baƙi kuma ba su daina shigowa ba. Gwajin da aka sake yi a Garki ta ƙasar Kano daga 1969 zuwa 1976, da feshi da ƙwayoyi tare, shi ma abin da ya nuna ke nan.

Waɗanda Aka Kashe da Waɗanda Suka Rage

Duk da haka ba a yi aikin banza ba, gama daga cikin tsofaffin abokan gāba uku sun faɗi. Agana, wadda ta makantar da mutane ta ɓata fuskoki tun kaka da kakanni, an tasam mata da babban gangamin lamba daga 1967, aka ga na ƙarshe a Nijeriya cikin 1970, aka yi shelar ƙarewarta a duniya cikin 1980.

Bushiya kuwa, an fara gangamin ƙasashe da a ke kira JP15 cikin 1962, ana yi wa shanu allura ana yi musu alama a kunne, har aka zaci ta mutu. Aka saki jiki, allura ta yi sanyi, ’yan maruƙa suka taso ba rigakafi. Sai ga ta a Jihar Sakkwato cikin 1980, a 1983 kuma ta yi wa garkunan Nijeriya mummunar ɓarna. Aka sake ɗaura ɗamara, wannan karon ba a kwance ba sai da aka ga bayanta. Cikin 2011 aka tabbatar babu bushiya ko’ina a duniya, shekara 120 bayan Sannu.

Na uku shi ne kurkunu, wanda a ke sha cikin ruwan tafki, bayan shekara guda tsutsa ta fasa ƙafa ta fito, ta zaunad da manomi makonni a tsakiyar damina. Ƙirgar 1988 ta samu masu shi fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba allura ba ƙwaya, da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da littafin da wakilin kowane ƙauye ke rubuta masu ciwo, aka kai ga na ƙarshe cikin 2008, aka ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi cikin 2013.

Waɗanda suka rage ba su yi barci ba. Sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya cikin 1996. Allurar da aka fara a 2011 ta karya irin da ya fi yin annoba, amma wani iri ya taso a ƙasar Sakkwato da Kabi daga 2013, a farkon 2025 ma an yi rashe-rashe a Gwandu da Jega da Aliero. Zazzaɓin sauro kuwa, binciken 2021 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran Jihar Kebbi suna da ƙwayarsa a jini, babu jihar da ta kai ta. Saboda haka ne da aka tashi fara allurar rigakafin zazzaɓi ga jarirai cikin Disamba 2024, Kebbi da Bayelsa aka sa gaba.

An shafe tsarin En’e, gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi, Jihar Kebbi ta samu kanta cikin 1991. Amma tsanin nan na mai unguwa da dagaci da hakimi yana nan, har yanzu kuma ta kansa mai allura ke shiga gida. Abin da tsofaffin ma’aikata suka bar wa magadansu a fili ya ke cikin wannan tarihi. Labarin ciwo a kai shi da wuri, ko na mutum ne ko na dabba, gama kwana ukun da dagaci ya yi yana jiran ya tabbata su ne kwana ukun da annoba ke bukata. Lissafi a rubuta shi yadda ya ke, ko da ba zai yi wa na sama daɗi ba, kamar yadda masu ƙirgar sauro suka yi a Ambursa. Rigakafi kuma kada a ajiye shi don an ga sauƙi, gama abin da ya dawo da bushiya ke nan a 1980. Wanda ya tsare waɗannan uku ya tsare ran talakawa, ya kuma tsare rumbunsu.